Kyamara a Cikin Burodi

Duk wanda ya san Obadiah mai ɗaurin rodi ya san matsoraci ne, shi kansa ma ba ya musu. Ƙaton mutum ne, ga ƙirji ga damtse, yakan lanƙwasa ƙarfe a gwiwa ko nishi ba ya yi. Amma bari ɗan sanda ya ɗaga wa motar da yake ciki hannu, tun direba bai taka burki ba ya fara lalubar katin shaidarsa. Matarsa Serah, mai sayar da dankalin Turawa da kabeji a kasuwar Gwarinpa, takan ce da ana biyan mutum albashin tsoro, da tuni mijinta ya daina hawa gini. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce tsoron ne ya kawo shi shekara hamsin da uku da ransa.

Yana ɗan shekara sha tara ya baro ƙauyensu da ke kusa da Kagoro ya zo Abuja, lokacin rabin garin ramuka ne da jar ƙasa. Ya fara da dakon kwanon kankare, har wani ɗan garinsu mai suna Jacob ya ja shi a jiki ya koya masa ɗaurin rodi, wato haɗa ƙarafan da ake binnewa cikin kankare su riƙe gini. Jacob ba ya yarda da bakin ɗan kwangila, tef ɗin awo ma ba kasafai yake zaro shi ba. In an sauke rodi sai kawai ya ɗora babban yatsansa a kai. Rodi mai kaurin milimita sha shida yakan kusa cika faɗin yatsan, sha biyu yatsa ya rufe shi har da saura, goma kuwa sai ya ja tsaki ya ce wannan na shanyar kaya ne. Obadiah ya ɗauki ɗabi'ar har ta zame masa jiki, ko ƙarfen taga ya gani a coci sai ya ɗora masa yatsa.

Shekara ashirin da uku ke nan da suka yi wani aikin bene hawa uku su biyun. Yatsa ya gaya musu gaskiya tun ranar farko: rodin bai kai ba. Amma Serah na da tsohon ciki, Jacob kuma yana shirin aure, sai suka kalli juna suka ci gaba da ɗauri. Ginin bai ma jira an gama shi ba. Wata Talata da tsakar rana ya rufta da mutane a ciki. Sai da aka kwana biyu aka ciro gawar Jacob. Obadiah an zaro shi da rai, sai dai bulo ya daka masa babban yatsan hagu. Farcen bai sake fitowa ba, kan ya baje ya karkace gefe, ga wani farin tabo da ya ratsa shi. Tun daga nan ba ya zama a ƙarƙashin bene in da yadda zai yi, kuma bai taɓa gaya wa kowa cewa sun sani ba, ko Serah.

Cikin nan na Serah shi ne Marvel, wadda yanzu take koyar da 'yan nazare a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Gwarinpa. A gidan haya makarantar take, ɗalibai sun yi mata yawa, sai mai ita ta sayi fili a bayan unguwar ta ba wani ɗan kwangila aikin gina bene hawa biyu. Marvel ce da bakinta ta roƙa aka sa ubanta cikin masu ɗaurin rodi. Lahadin da ta biyo baya babu wanda Obadiah bai tare ba a ƙofar coci ya gaya masa shi zai gina, 'yarsa ta koyar a ciki.

Ɗan kwangilar ba a ganinsa sai ta gilashin mota. Wanda ake gani kullum shi ne fomansa, George, wani siririn mutum mai farar hular kwano wanda ba ya ɗaga murya. Ginshiƙai arba'in ne a ƙasan ginin. Shida na gaba, waɗanda mai makaranta ke gani in ta leƙo daga ƙofa, an sa musu sha shida, guda shida-shida yadda zane ya ce. Da aka zo na baya sai tifa ta sauke wani rodi daban. Obadiah ya ɗora yatsa. Goma ne, kuma George ya ce huɗu-huɗu za a sa.

"Oga," in ji Obadiah, "wannan rodin kamar bai kai ba."

George ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, kai injiniya ne?"

"A'a, oga."

"Oya, ɗaura."

Ya ɗaura. Mako biyu yana ɗaurawa, yana jin kowace waya da ya murɗe kamar a wuyansa yake murɗe ta. Ba banza ya yi shiru ba. A wurin George kowa sai ya ajiye wayar hannunsa cikin kwali a bakin ƙofa, maigadi ya lalube masa aljihu, sannan ya shiga. Akwai kuma wani kafinta da ya taɓa yin surutu a kan siminti a wani aikin George na baya. Washegari aka ce an ga rodi a bayan ɗakinsa, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Ya yi mako uku a rufe, da ya fito kuma babu foman da ya yarda ya ɗauke shi, don a sana'ar gini baki ne ke ba mutum aiki, baki ne ke hana shi. Obadiah ya san mutumin, yanzu tura baro yake yi a tashar Jabi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci, suna cin tuwo a tsakar gidansu na Karmo, ya ce wa Marvel ta fara neman wata makarantar. Ta tambayi dalili, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya faɗa. Ranar Juma'a za a zuba wa ginshiƙan kankare, in aka zuba kuma shi ke nan, babu idon da zai sake ganin abin da ke ciki.

Marvel ta tsame hannu daga kwano. "Baba, ni in na tafi, yaran fa? Su ashirin da bakwai ne a ajina. Ajin 'yan nazare a ƙasa za a sa shi."

Ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano.

Serah ce ta tuno da wata mai sayen dankali a wurinta, Nazeefa, injiniya a ofishin da ke duba gine-gine. Litinin da yamma ta haɗa su a bayan rumfarta. Nazeefa yarinya ce sa'ar Marvel ko ta ɗara kaɗan, da gilashi da mayafi, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba.

"Baba Obadiah, na yarda da kai," ta ce. "Amma ni ƙarama ce a ofis. In na je wa ogana da cewa mijin mai dankali ya ce, fayil zai buɗe, sai wata mai zuwa a duba. In ka kawo min hoto kafin kafintoci su rufe ginshiƙan da katako, zan iya tsayawa a kansa ya fito kafin Juma'a."

"Alhamis za su rufe," in ji shi a hankali.

"To Laraba ce kawai gare ka."

Wayar Obadiah 'yar mai tocila ce, ba ta san hoto ba. Marvel ta ce ya ɗauki tata, ya ce ko kusa. In aka kama shi da ita, ga sunanta ga hotunanta a ciki, har ita za a haɗa. Abin da yake so shi ne abin da ba shi da sunan kowa, ba ya ƙara, kuma zai wuce hannun maigadi. Ya yi ta juya maganar a ransa har ya tuna abu ɗaya da maigadi ba ya buɗewa: burodin da kowane lebura ke shiga da shi a leda don cin rana.

Talata da aka tashi aiki ya sayi burodi, ya hau mota zuwa Jabi. Akwai wani layin shaguna a gefen tasha inda ake sayar da wayoyi da kayan lantarki na gwanjo. Sau uku yana wuce shagon da ya hango kyamarori a gilashi kafin ya iya shiga, yana waige ko wani na biye da shi. Mai shagon, Salisu, Bakano ne mai yawan raha.

"Baba, shigo mana, ai ba ofishin 'yan sanda ba ne. Me za a kawo?"

Obadiah ya sassauta murya. "Kyamara nake so. Wanda ba shi da ƙiba."

"Ta yarinya ce ko? Ai yanzu su ne suka dawo da yayinta. Shekara goma kayan nan suna kwantai, yau 'yan mata sun ce hoton waya ya cika kyau, tsohon yayi suke so." Ya ciro wata baƙa mai nauyi ya ajiye a kan gilashi. "Wannan in ka tsaya a nan za ta ɗauko maka kwale-kwale a tafkin Jabi."

Ya danna mata kunnawa. Hancinta ya zuro waje yana wani zuuu, Obadiah ya yi baya har ya bangaji kujera. Salisu ya riƙe ciki yana dariya.

"Ba wannan ba. Wanda ba ya fito da hanci."

Ta biyu ruwan hoda ce, siririya, amma da aka kunna ta sai ta rera wata 'yar waƙa ta gaisuwa, ita ma ta zuro nata hancin. Obadiah ya girgiza kai. Ta uku sai da Salisu ya tona ƙasan akwati ya zaro ta. Ruwan azurfa ce duk ta sha ƙarce, kaurinta bai wuce na sabulun da aka yi mako ana wanka da shi ba. Murfi gare ta a gaba wanda ake zamewa ƙasa da yatsa, ido ya buɗe, babu abin da ke fitowa.

Obadiah ya juya ta a tafin hannunsa. Sannan ya kwance leda, ya fito da burodi, ya ɗora kyamarar a kai ya gwada tsawo, ya juya ya gwada faɗi, ya ɗaga su biyun daidai ido ya duba kauri.

Salisu ya buɗe baki zai yi wata zolayar, sai ya dubi takalmin mutumin da ya sha siminti, ya dubi burodin. Dariyar ta tsaya. Ya miƙa hannu ya karɓi kyamarar ya shiga latse-latse.

"Na kashe mata ƙara. Na kashe filash, kada ta walƙa maka haske a idon jama'a." Ya yanko ɗan baƙin salatif ya manne wata 'yar jar fitila da ke gabanta. "Wannan ma takan tona asiri. Ga batir cike, ga memori babu komai a ciki. Ka sa ta a leda kafin ka tura, kada ɓarɓashi ya shiga ido. In za ka ɗauka, ka danna rabi, ka jira ta gane abin da kake nufi, sannan ka ƙarasa. Kuma ka riƙe numfashi, Baba, hannunka ba ya tsayawa."

"Ba ka tambaye ni ba ko na mene ne."

"Ba zan tambaya ba. Allah dai ya fid da kai lafiya."

Laraba da safe Serah ta rarake burodin ta gefe ɗaya da cokali, suka tura kyamarar, ta toshe bakin da abin da ta ciro. Obadiah ya isa wurin aiki rigarsa ta riga ta jiƙe. Ya jefa wayarsa a kwali, ya ɗaga hannuwa, maigadi ya shafa aljihun gaba da na baya. Har ya ɗaga ƙafa zai wuce.

"Baba Obadiah, yau burodi babba! A ɗan gutsuro mana, ban karya ba."

Abin da bai lissafa ba ke nan, alhali kusan kullum sai maigadin ya roƙi wani. Hannun mutumin ya riga ya taho. Obadiah ya yi maza ya janye ledar ya ce bari ya gutsura masa da kansa, sai kuma ya rasa ta wane gefen Serah ta toshe. Duka biyun iri ɗaya ne a ido. Ga layi a bayansa, ga George can tsaye yana duba takarda. Ya kama gefe ɗaya ya ja, yana jiran ya ga leda ta leƙo. Farin burodi ne ya fito. Ya miƙa, maigadi ya sa albarka da cikakken baki, shi kuwa sai da ya kai bayan tulin yashi ya tsuguna.

Da sha biyu ta yi kowa ya nufi gindin mangwaro wurin mai shinkafa da wake. Obadiah ya ce cikinsa ne ba daɗi. Ya zaga bayan inda za a yi matakala, wurin ginshiƙi na sha bakwai, ya tsuguna ya ba ƙofa baya. Ya zaro ledar, ya zame murfin. Ya danna rabi, ya riƙe numfashi, ya ƙarasa. Shiru, ko ƙis ba ta yi ba, har ya zaci ba ta ɗauka ba sai da ya ga ƙarafan sun tsaya cak a ɗan gilashin baya. Ya ɗauki biyar. Ya duba su, ransa bai kwanta ba, don rodin da ke cikin gilashi zai iya zama kowane rodi. Bai tsaya tunani ba. Hannunsa na hagu ya tafi inda ya saba zuwa shekara talatin, ya ɗora babban yatsa a jikin ƙarfen, ya danna da dama. Ya ji takun takalmi, ya cusa kyamarar a burodi, ya gatsa gefen ya hau tauna. Lebura ne ya zo fitsari.

Da yamma Nazeefa ta tsayar da motarta a gefen kasuwa, shi da Serah suka tsaya a bakin taga. Ta sa memorin a kwamfutarta ta shiga dubawa.

"Waɗannan biyar ɗin ba za su yi ba, babu abin da ke nuna kauri. Amma wannan, yawwa! Wannan ko makaho ya shafa ya san goma ne."

Ta juyo musu da gilashin ta buɗe hoton ya cika shi. Serah ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Ga rodi siriri, ga yatsa a kansa, babu farce, kai a baje a karkace, farin tabo ya ratsa shi. Duk wahalar neman abin da ba shi da sunan kowa, ashe da hannunsa zai sa hannu a takardar.

"Hajiya, a yanke wurin," in ji shi. "A cire yatsan."

"In na cire, ya koma kamar sauran biyar." Ta ɗago ta dube shi. "Ba zan faɗi sunanka ba. In mun zo ko kallonka ba zan yi ba, na yi maka alkawari. Amma ba zan yaudare ka ba, hoto in ya shiga fayil ba ni ke da iko da wanda zai gan shi ba. In ka ce in goge, yanzu zan goge."

Obadiah ya so ya ce a goge. Ya so ƙwarai. Ya ga baron kafintan nan, ya ga ƙofar ƙarfe ta rufe a kansa. Amma daga ƙarshe ya ce, "A bar shi." Yana faɗa ya yi nadama, kuma ya yi ta nadamar har gida.

Alhamis ya naɗe hannun hagu da tsumma ya ce waya ce ta yanke shi. Kafintoci suka rufe ginshiƙan da katako ɗaya bayan ɗaya. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya waiga, amma babu wanda ya zo.

Juma'a da safe injin kwaɓa kankare ya fara ruri, leburori sun jera da kwanoni, sai ga farar mota a bakin ƙofa. Nazeefa ta fito, bayanta ogan nata, wani dattijo mai furfura da alamar an taso shi ne ba da son ransa ba. Aka kashe injin. George ya tarbe su da murmushi, ya sa aka ɓalle katakon ginshiƙi biyu na gaba. Dattijon ya auna: sha shida, guda shida, babu abin cewa. Nazeefa ta miƙa hoton da ta buga a takarda.

George ya duba, ya yi 'yar dariya. "Oga, wannan ba sayit ɗinmu ba ne. Rodi na ko'ina iri ɗaya. Wani maƙiyi ne ya ɗauko a wani wuri. Ina gini a hoton? Ina alama?"

Wata uku yana ba Obadiah umarni, bai taɓa kallon hannunsa ba. Ba ya kallon hannun kowa.

Dattijon ya share zufa. "Nazeefa, ba zan sa a fasa katako arba'in a kan hoton da ban san inda aka ɗauka ba." Ya ɗaga takardar sama ya juya ga ma'aikata. "Akwai wanda ya san hoton nan?"

Mutum talatin da wani abu ne a tsaye, kuma babu ko ɗaya da bai san yatsan ba. Sun ci abinci kwano ɗaya da shi, sun sha zolayarsa. Kowa ya sunkuyar da kai, wani na kallon takalminsa, wani na gyara gammo. Rufa masa asiri suke yi, Obadiah ya sani, har ƙwalla ta taru masa don godiya. Nazeefa ta cika alkawari, idonta na kan katanga. Abin da ya rage masa kawai ya tsaya yadda yake, ya koma gida lafiya, gobe ya dawo aiki.

Dattijon ya naɗe takardar ya nufi mota. George ya ɗaga wa mai inji hannu, injin ya sake ɗaukar ruri, lebura na farko ya tara kwano.

Obadiah ya san wannan shirun. Irinsa suka yi da Jacob, a tsaye kamar haka, da rana kamar haka. Ba jarumta ce ta zo masa ba, kada a yi masa ƙarya. Wani tsoron ne ya taso ya danne na farko. Sai ya kama bakin tsumman da haƙori ya warware, ya ɗaga hannun sama, ya fara tafiya wurin dattijon.

Mai inji ne ya fara ganinsa, ya kashe. Dattijon ya juyo. Obadiah ya ƙarasa gabansa, ya karɓi takardar ya shimfiɗa a kan motar, ya ɗora yatsansa kusa da na hoton.

"Na sha bakwai," ya ce, muryar kamar ba tasa ba. "Bayan matakala. Ni na ɗaura shi, ranka ya daɗe. Daga na bakwai har ƙarshe duk haka suke."

Dattijon ya dubi yatsa biyun, ya dubi George, ya ce a kawo ƙarfen ɓalle katako. Da allon ya faɗi, ga rodin nan guda huɗu sirara a tsaye, iska ma tana kaɗa su. Aka buɗe na ashirin, aka buɗe na talatin da biyar. Dattijon bai sake share zufa ba. Ya aika direba ya ɗauko jan fenti a mota, aka zana wa katanga babbar alama, aka ce kowa ya fita.

A bakin ƙofa George ya matso kusa da shi, bai ɗaga murya ba yadda ya saba. "Baba, ka gama ɗaura rodi a garin nan. Kuma na san Karmo."

Obadiah ya yarda da kowace kalma. Ya san daren yau ko ɓera ya taɓa ƙofa sai ya tashi zaune, ya san Litinin ba shi da inda zai je. Ya tona kwali ya ciro 'yar wayarsa. Ya taka har gindin mangwaro, ya zauna a kan bulo, ya kira Marvel.

Ta ɗauka a tsakiyar aji. Bayanta hayaniya ce kawai, yara na rera ƙirga, wani na kuka, wata na kiran anti, anti.

"Baba? Baba, lafiya? Sun zo?"

Ya manna wayar a kunne yana sauraron yaran.

"Baba, ka yi magana mana, kana tsorata ni."

"Sun zo," ya ce. "Kada ki kashe. Ajiye wayar a tebur, ina so in ji su."